Lallen Nima a Saman Gajimare

Abu na farko da Akra ta karɓa a hannuna shi ne ƙaramar jakata. Kwana uku muka yi a hanya daga Damagaram, na sauka a tashar Circle ƙafafuna a kumbure, kaina na juyawa saboda hayaniyar mutanen da ba na jin ko kalma ɗaya daga bakinsu. Ina tsaye sai wani mutum mai farar hula ya yi mini sallama da Hausa. Wallahi ji na yi kamar yayana ne ya biyo ni. Ya tambayi inda za ni, na ce unguwar Nima, gidan Mma Lariba. Ya ce ai maƙwabciyarsa ce. Ya ɗauki ƙaramar jakar, ya ce in riƙe babbar in jira shi ya samo mana mota. Ina jin har yau yana can yana neman motar. Kilishin da Inna ta ƙulle mini da zannuwana biyu na fita duk suna ciki. Wata mai sayar da lemo ce ta gaji da ganina a tsaye, ta ja hannuna ta cusa ni cikin toro-toro, ƙananan motocin hayarsu, ta faɗa wa direba inda zai sauke ni.

Mma Lariba matar marigayi mai masaukin babana ce, tun zamanin da yake kawo shanu Akra. Mace ce mai jiki da murya, tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai ne Zuwera ɗan Alhaji Mamman? Kai ne za ka tuƙa jirgin sama? Ei! To zo ka ci abinci tukuna, ka rame paa." Sai da na waiga in ga namijin da take yi wa magana. Haka Hausarsu take, kowa "kai" ne, "paa" kuma shi ne "sosai".

Ta ba ni ɗaki a gidanta mai ɗakuna goma sha huɗu, famfo ɗaya. Ita kam ba ta rage ni da komai ba. Matan gidan ne ba su karɓe ni ba. Kullum da safe zan fito da wando da farar riga ta makaranta, su kuma suna layin ruwa, sai hira ta tsaya cak har in wuce. Ina kaiwa zaure in ji an ce "Kyaftin ya fita," a kwashe da dariya. Ni ma ban taimaki kaina ba, don ina da girman kai, wanda bai yi mini magana ba ba na yi masa. Tun makon farko wani nauyi ya zauna mini a ƙirji, rabinsa kewar gida, rabinsa tsoro. Da shi nake tashi, da shi nake cin abinci, da shi nake salla. Har na saba da shi kamar yadda ake sabawa da ciwon haƙori.

Tsoron yana da dalili. A ƙarshen shekarun tamanin ne, kamfanin jiragen sama da nake yanka wa tikiti a gida ya turo ni koyon tuƙin jirgi, a wata ƙaramar makaranta da ke gefen filin jirgi, don in haɗa da Turancin Ingilishi, tunda da Faransanci na yi karatu. Sharaɗin a rubuce yake: wanda ya faɗi mataki ɗaya, gida zai koma. Babana kuwa a gaban 'yan'uwansa ya tsaya ya ce 'yarsa za ta iya, bayan sun gaya masa ya haukace. Ba na son in ga fuskarsa ranar da zan sauka daga mota da akwatina, hannu rabbana.

Mu tara ne a aji, ni kaɗai ce mace. Malaminmu Kyaftin Mensa, tsohon matuƙin jirgin soja, gajere mai furfura, kullum da asuwaki a gefen baki. Bai taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa muke shakkarsa. Wata bakwai na yi a hannunsa ba tare da na faɗi komai ba, har muka iso darasin ƙarancin iska.

Ya zauna a kan tebur ya ce, "Manyan jiragen fasinja ana cusa musu iska a ciki, shi ya sa mutane ke barci lafiya. Amma in abin ya lalace, ko kuna cikin ƙaramin jirgi kuka hau sosai, iskar da kuke shaƙa ba za ta ishi ƙwaƙwalwarku ba. Kuna tsammani za ku ji shaƙewa? Ba za ku ji ba. Ba ciwo, ba ihu. Hankali ne zai riƙa zarewa a hankali, kuma shi hankalin ne ya kamata ya gaya muku yana zarewa. Na san mutanen da suka fi ku ƙwarewa da suka shiga ƙasa suna murmushi."



"Kowa da alamarsa," ya ci gaba. "Wani kansa ke ciwo, wani yatsunsa ke sagewa, wani idonsa ke dushewa. Taka ba tawa ba ce. Saboda haka zan hau da ku ɗaya bayan ɗaya, ƙafa dubu ashirin da biyu. Ni ina sanye da takunkumin oksijin, ku kuma ku cire naku. Hawan farko na koyo ne, ku saurari jikinku, ku rubuta mini abin da kuka ji. Hawa na biyu jarrabawa ce. Wanda ya mai da takunkuminsa da hannunsa ya ci. Wanda sai da na sa masa, ya tattara littattafansa."

Wani ɗalibi ya ce ai littafi ya ce leɓe yana komawa shuɗi. Kyaftin ya zare asuwakinsa ya ce, "Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa ganin leɓenka ba. Mu baƙaƙen fata a farce abin ke nunawa, in ya nuna."

Wannan maganar kaɗai na riƙe, na yar da sauran.

Ranar hawan farko ta zo. Jirgin ƙarami ne mai inji biyu, sanyi na shigowa ta ko'ina. Da muka kai inda za mu kai, Kyaftin ya ba ni kati da fensir, ya ce in riƙa cire bakwai daga ɗari ina rubutawa, sannan ya yi mini alama. Na cire takunkumin. Ban saurari jikina ba ko kaɗan. Idona na kan farcena kamar mai gadin tukunyar madara. Can sai na ga farin ya fara komawa toka-toka, kamar na wanda ya daɗe cikin ruwan sanyi. Na yi wuf na mai da takunkumin.

"Kin yi sauri," in ji Kyaftin. "Me kika ji?"

"Abubuwa da yawa, Kyaftin."

Da muka sauka ya ba ni takarda in rubuta alamomina, aƙalla uku. Ni kuwa ɗaya nake da ita. Na tuna shafin littafin, na rubuta farce, na ƙara ciwon kai da sagewar yatsu, na sa hannu a ƙasa. Ya karanta, ya dube ni, ya sa hannu. Na fito ina ganin na yi wayo. A raina na ce alama ɗaya mai kyau ta ishe ni, tunda farcena ba ya zuwa ko'ina.

Jarrabawata ta faɗo ranar Litinin ta sama. Ranar Asabar kuwa ake sa lallen Asana, 'yar Mma Lariba ta ƙarshe.

Gidan ya cika tun hantsi da mata daga unguwannin Maamobi da Adabraka, ana daka, ana suya, ana guɗa. Ina ɗakina da littafi sai Mma Lariba ta ɗaga labule ba sallama. "Zuwera, fito. Yau ba karatu. Wata bakwai kana gidana hannunka fari kamar na gawa, mutane za su ce ba na kula da kai." Ta ja ni har tsakiyar tabarma, ta zaunar da ni kusa da amarya. Matan da ke yin shiru in na wuce suka matsa mini wuri. Ɗaya ta kama hannun dama, ɗaya ta kama hagu, ita Mma da kanta ta kwaɓa lallen da lemun tsami ta dinga ɗora mini a yatsu, tana cewa, "Wannan ɗana ne, kowa ya sani yau." Suka naɗe hannuwan da ganye, suka ɗaure da tsumma. Tunda ba ni da hannun ci, wata ta riƙa ba ni shinkafa a baki, ana tsokanata wai Kyaftin ya zama jariri. Na yi dariya har da hawaye. Tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa riƙe hannuna haka ba, kuma wallahi ko sau ɗaya jirgi bai faɗo mini a rai ba.

Da la'asar aka kwance. Lallen ya kama, ya yi ja jawur, matan suna ta yabawa. Na ɗaga hannuna ina kallo, sai idona ya sauka a kan farce. Goma ɗin duka sun rine, har gindi.

Duk macen da ta tashi a ƙasar Hausa ta san lallen fata yana goguwa, amma na farce ba ya fita sai farcen ya tsiro ya ture shi, wata da watanni. Na san wannan tun ina ƙarama. Mantawa kawai na yi.

Ranar Lahadi da safe na tsuguna bayan famfo na gwada duk abin da na sani. Na goga lemun tsami, na goga toka, na goga kananzir. Da suka ƙi, na ɗauko reza na fara kankare farcen babban yatsa. Jan ya shiga ciki, ina kankarewa yana nan, har na kai ga nama jini ya fito. Inuwa ta faɗo a kaina, na ɗaga kai, Mma Lariba ce.

Ta daɗe tana kallon rezar. Sannan ta ce, a hankali, ba da muryarta ta kullum ba, "Lallena ne ƙazanta? Kunya kake ji Turawan makarantarku su gani?"

"Ba haka ba ne, Mma."

"To yaya ne?"

In ce mata ina so in ga lokacin da farcena zai zama shuɗi? Ta juya ta tafi. Ranar nan ba wanda ya ce mini Kyaftin, ko da wasa.

Hanya ɗaya ce ta rage: in je in gaya wa Kyaftin Mensa gaskiya. Amma gaskiyar tana jan wata. In na ce lalle ya rufe mini alama, zai ce saura biyu, ai kin rubuta uku. Na sa hannu a kan ƙarya a takardar makarantar jirgi, abin da ake korar mutum a kansa ba tare da jarrabawa ba. Na yanke shawara zan hau haka, in jira ciwon kan da littafi ya yi alkawari.

Litinin na sa safar hannu, na ce sanyi nake ji. Muka kai sama. A nan Kyaftin ya ce, "Cire safar. Ba farce ne alamarki ta farko ba?" Na cire. Ya dubi yatsuna, ya dubi fuskata, ya mai da idonsa gaba. "Jirgi na hannunki. Riƙe mu a kan gabas. Katin na kan cinyarki. Cire takunkumi."

Na cire.

Casa'in da uku. Tamanin da shida. Na dubi farce, ja. Na laluba kaina ina neman ciwo, babu. Na motsa yatsu, lafiyarsu ƙalau. Saba'in da tara. Allurar hanya tana kan gabas. Gumi na bin bayana cikin wannan sanyi. Na ce wa kaina in mai da takunkumin yanzu kawai in huta, amma na san zai tambayi abin da na ji, kuma ya riga ya ga farcen. Saba'in da biyu. Na sake duban farce. Ja ne, kuma kai, lallen nan ya yi kyau.

Daga nan komai ya yi sauƙi. Nauyin nan na ƙirjina ya ɗaga, ban ma ji tafiyarsa ba. Na ja numfashi har ƙasan ciki, irin wanda rabona da shi tun gida. Ƙarar injuna ta yi nisa. Gajimaren da ke ƙarƙashinmu ya zama kamar audugar da Inna ke shanyawa a tsakar gida, har na ji ƙanshin hayaƙin murhunta. Na yi mamakin abin da ya sa na ɗauki Damagaram da nisa, ga ta nan ƙiris, in na ɗan karkata hagu za mu isa kafin azahar. Kyaftin ya tambaye ni wani abu, na ba shi amsa. Ya sake tambaya, na ga abin dariya ne dattijo kamarsa bai gane magana ba, na yi dariya.

Abin da na sani bayan wannan, roba ce manne a fuskata, iska mai sanyi na shiga hancina. Ƙarar injuna ta dawo kamar an buɗe ƙofa. Jirgin na gangarawa, hannuwan Kyaftin ne a kan sitiyari. Na dubi katin. Daga sittin da biyar rubutun ya fara karkacewa, ya zama zane-zane, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe na rubuta da Hausa: Inna ga ni nan.

Kyaftin ne ya sauke mu ƙasa. Ya kashe injuna, muka fito, muka tsaya a inuwar fiffike.

"Wa ya sa miki takunkumi?" ya tambaya.

Na nemi abin a kaina, wurin babu komai, kamar an yanke da almakashi. Ƙila ni ce. Ƙila hannuna ya yi abin da aka koya masa. In na ce ni ce, kuma ni ɗin ce, na ci. Yana tsaye yana tauna asuwaki, fuskarsa ba ta nuna komai.

"Ban sani ba, Kyaftin."

"Ba ki sani ba."

"Ban tuna ba. Kuma takardar da na rubuta maka ƙarya ce. Farce kaɗai na gani ranar nan. Sauran daga littafi na kwafo."

Na faɗa ina kallon takalmansa. Na riga na fara ganin tashar Circle, da motar arewa, da fuskar babana.

"Ni na sa miki," ya ce. "Kin juya mu arewa, kina ba ni labari da yaren da ba na ji, kina dariya. Da ke kaɗai ce a jirgin nan, da yanzu ana neman tarkacenki a daji." "Na san takardar ƙarya ce tun ranar. Ba wanda ke jin alama uku cikin ɗan lokacin da kika yi. Da kin ce mini ke kika sa takunkumin nan, da yau kin kwana a hanya."

Ya zaro takardar daga aljihu ya yaga biyu. "Hawan farko ba ke kika yi shi ba, farcenki ne. Yau ne hawanki na koyo. Jarrabawa jibi. Ba zan jira lalle ya fita ba, don ranar da abin zai same ki ba zai tambayi ko an yi biki a gidanku ba. Bayan jibi babu wani hawan. Me kika ji yau?"

"Daɗi na ji. Tsoro ya tafi. Na ji kamar na isa gida."

"To ita ce taki. Mummunar alama ce, don ba wanda ke son rabuwa da ita."

Da na koma Nima na tarar da Mma Lariba tana tsince wake. Na durƙusa a gabanta na ba ta labarin duka, tun daga ƙaryar. Ta saurara ba ta ɗago ba. Da na gama ta kama yatsan da na yanka ta juya shi, ta ce, "Kai wawa ne paa. Duk jikin da Allah ya ba ka, farce kaɗai ka ga za ka duba?" Ta tura mini tiren waken, muka ci gaba da tsincewa tare.

Ranar Laraba muka sake hawa. Gabas, kati, fensir. Na cire takunkumin na ajiye shi a cinya, hannuna na hagu a kansa. Ban dubi farce ba. Nauyin ƙirjina nake saurare, shi da na yi wata bakwai ina roƙon Allah ya ɗauke mini. Casa'in da uku, yana nan. Tamanin da shida, yana nan. Saba'in da tara. Saba'in da biyu. Sittin da biyar.

Sai ya fara sassautawa.

Na gane shi sarai, kuma ganewar ba ta rage masa daɗi ba ko ƙiris. Kafaɗuna suka sauka. Ƙarar injuna ta fara ja da baya. Tsakar gidanmu na tahowa, na san in na ƙara numfashi uku zan ji muryar Inna. Wani abu a raina ya ce ai kin gane, kin riga kin ci, ƙara minti ɗaya ba zai yi komai ba, wa ya san ranar da za ki sake ganinta. Hannuna ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na ga hannun Kyaftin ya tashi daga gwiwarsa, ya tsaya a iska.

Na ɗago takunkumin da hannu biyu na danna shi a fuskata, na ja maɗaurin.

Numfashi ɗaya, biyu. Injuna suka dawo, sanyi ya dawo, nauyin ya koma mazauninsa daram. Gidan ya tafi, ni na kore shi da hannuna. Na yi kuka a cikin robar nan, kuka sosai, hawaye na taruwa a haɓata. Kyaftin Mensa ya mai da hannunsa kan gwiwa, ya juya yana kallon taga har na gama.

Sannan ya ce, "Jirgi na hannunki, matuƙiya. Juya mu koma Akra."

Na duba allurar hanya, na juya mu kudu.